Sitet: Yadda Ake Gane Na'urar Sauraron Ƙirji Ta Ƙwarai Kafin A Biya Kuɗi

Duk lokacin da ɗaliban likitanci na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suka fara shiga ɗakunan majinyata, haka ma 'yan makarantar koyon jinya da ungozoma da na kwalejin fasahar lafiya ta Gwadabawa, sai kasuwar abu ɗaya ta buɗe a Sakkwato: na'urar nan da likita ke ratayawa a wuya, wadda ma'aikatan asibiti ke kira sitet a taƙaice. Mafi yawan masu saye launi suke fara dubawa, sai sunan kamfani, sai farashi. Kaɗan ne ke sa ta a kunne kafin su miƙa kuɗi. Shi ya sa za ka ga ɗalibi ya shekara biyu yana zargin kunnensa, yana cewa shi dai ba ya jin abin da malamai ke ji, alhali laifin na wata 'yar kafa ce a jikin tiyo wadda ba ta kai ƙwayar gero ba.

Sitet ta gargajiya ba ta da batir, ba ta da inji. Aikinta ɗaya ne: ta ɗauki girgizar da ke fatar majinyaci, ta tura ta cikin iskar da ke kulle a tiyo, ta kai ta dodon kunne ba tare da ta zube a hanya ba. Duk ingancinta a nan ya tsaya. Idan hanyar nan a toshe take ruf daga fata har kunne, na'urar dubu kaɗan ma za ta yi aiki. Idan akwai yoyon iska ko da a wuri ɗaya ne, to ko tambarin wane kamfani aka buga mata, kwalliyar wuya ce kawai.

Asalinta ma bututu ne. A 1816 wani likita Bafaranshe, René Laennec, ya naɗe takarda ya ɗora a ƙirjin wata majinyaciya a birnin Paris, ya ji bugun zuciyarta ya fi fitowa fiye da idan ya manna kunnensa. Daga nan ya sassaƙa ta itace, mai kunne ɗaya. George Cammann na New York ya fito da mai kunne biyu a 1852, sannan a farkon shekarun 1960 David Littmann, likitan zuciya a Harvard, ya tsara siffar da muka sani yau. Ta itacen nan ba ta mutu ba. Ƙahon Pinard da ungozoma ke ɗorawa a cikin mai juna biyu jikanta ne, kuma za mu dawo kansa.

Me ake so a ji?

Kafin a yi maganar ƙarfe da roba, sai an san irin sautin da ake nema, domin jikin mutum ba murya ɗaya yake da ita ba. Akwai sauti mai kauri, irin na tambari, wanda kusan a ƙirji ake jin sa. Akwai siriri mai kaifi, irin na kalangu idan an matse tsarkiyarsa. Ana auna wannan da yawan kaɗawar sauti a sakan ɗaya. Kunnen mutum yana fara ji daga kaɗawa 20, amma inda ya fi ƙwarewa shi ne wajen 2,000 zuwa 4,000. Bugun zuciya kuwa yawancinsa yana ƙasa da 150, wasu sautukan ma ba su wuce 70 ba. Wato abin da likita ya fi buƙatar ji yana can gefen da kunne ya fi rauni. Sautin numfashi, da fiton asma, da ƙaras-ƙaras ɗin huhun da ya jiƙe, su suna sama, kuma kusan kowace na'ura tana kawo su.

Wannan bambancin ne ya sa kan sitet yake da fuska biyu. Mai faɗin, wadda aka rufe da fata ta roba mai tauri, ita ake kira dayafuram. Mu kira ta ganga. Tana tace masu kauri ta bar sirara, kuma danna ta ake yi sosai. Ɗaya fuskar buɗaɗɗen ƙoƙo ne, ana ce masa bel, shi ke kama masu kauri. Shi ba a danna shi. Ɗora shi ake yi, iyakar dai bakinsa ya manne da fata ko'ina. Da zarar ka danna, fatar majinyacin ta miƙe ta zama ganga, sautin da kake nema ya ɓace, daidai yadda makaɗi ke matse kalangu muryarsa ta tashi sama.

A ƙasarmu ƙoƙon nan ba abin rainawa ba ne. Arewa maso yammacin Najeriya na cikin wuraren da aka fi samun ciwon zuciyar jego a duniya, wanda ke kama mace a ƙarshen ciki ko watannin farko bayan haihuwa, ta zo da kumburin ƙafa da haki, ba ta iya kwanciya rigingine. Ɗaya daga cikin alamun da ke nuna zuciya ta gaza shi ne sauti na uku da ke biyo bayan bugu biyun da aka saba, har bugun ya koma kamar sukuwar doki. Sautin nan mai kauri ne ƙwarai, kuma marar ƙarfi. Haka nan gurnanin da ake ji idan bawul ɗin mitiral ya tsuke, wato ƙofar da ke tsakanin ɗakunan hagu biyu na zuciya, abin da ke biyo bayan zazzaɓin rumatik na yarinta, wanda ke farawa daga ciwon maƙogwaro. Duka biyun ana neman su ne da ƙoƙo, majinyaci ya karkata kan ɓarinsa na hagu, a ɗora a daidai inda bugun zuciya ya fi taɓa yatsa, ƙasan nonon hagu kaɗan. Na'urar da ƙoƙonta bai da zurfi, ko bakinsa ba shi da zoben roba da zai manne da fata, ba za ta taɓa kawo maka su ba. Kuma a asibitin ƙaramar hukuma, inda na'urar hoton zuciya take da nisa, abin da kunne ya ji shi ke yanke shawarar a tura mace birni yau ko a ba ta magani ta koma gida.

Kai: ƙarfe, siffa da faɗi

Ɗauki kan ka jinjina shi a tafin hannu. Na ƙwarai ana ƙera shi da ƙarfen da ba ya tsatsa, yana da nauyi, kuma nauyin nan shi ke hana sauti watsewa ta jikin ƙarfen da kuma hana hayaniyar waje shiga. Na alminiyam ya fi sauƙi a wuya, amma muryarsa ba ta kai ba. Na can ƙasa kuwa tutiya ce aka shafa mata ƙyalli. Bayan 'yan watanni gumi zai ɓare shafen, maɗaurin ya fara sako-sako. Don a sami ma'auni: a cikin samfuran da ke ɗauke da sunan Littmann, Lightweight II nauyinta gaba ɗaya giram 118, Classic III giram 150, Cardiology IV kuwa wajen 177. Idan aka miƙo maka wadda aka rubuta wa ɗaya daga cikin sunayen nan ka ji ta sakayau kamar murfin kwalba, ka riga ka sami amsa.

Kai mai fuska biyu yana juyawa a kan wuyansa, kuma fuska ɗaya ce ke buɗe a lokaci guda. Ka murza shi rabin zagaye, ya kamata ka ji ya yi ƙas ya tsaya cak. Wanda ke juyawa sululu ba tare da ya kama ba, iska na fita ta nan. Af, kafin ka ce sitet ɗinka ta mutu, duba ko fuskar da ke kan majinyaci ita ce a buɗe. Taɓa gangar da farce a hankali za ka sani. Wannan ɗan kuskuren ya kunyata ɗalibai da yawa a gaban malamai.

Akwai kuma gangar zamani mai sauya murya. An ɗaura fatarta a kan wani zobe mai laushi, ta yadda idan ka ɗora a hankali tana lilo ta kawo masu kauri kamar ƙoƙo, idan ka danna sai ta jingina da wani zoben na ciki ta koma ganga. Amfaninta shi ne ba sai ka ɗaga kana juya kai ba. Ga wanda hannunsa ya ƙware, ni'ima ce. Ga mai koyo kuwa, a ganinmu buɗaɗɗen ƙoƙo ya fi, domin sabon hannu kullum dannawa yake yi bai sani ba, sai ya yi ta zama a muryar sama. Abin daɗi, a Classic III da Cardiology IV ana iya cire fatar ƙaramar fuskar a sa zoben robar da ke zuwa cikin kwali, ta koma ƙoƙo. Mutane da yawa suna jefar da zoben tare da kwalin.

Faɗin kai ya kamata ya dace da wanda za a saurara, kuma nan ne ake yawan yin sakaci. Gangar manya faɗinta wajen santimita 4.3 ne. Ɗora ta a ƙirjin yaron da tamowa ta cinye, haƙarƙarinsa a waje, sai ta hau kan ƙasusuwa biyu kamar gada, ƙarƙashinta fili. Ba abin da za ka ji sai iskar fanka. A jikin jariri sabon haihuwa kuma takan rufe kusan rabin ƙirji, ba za ka iya rarrabe huhun dama da na hagu ba, alhali wani lokaci tambayar ke nan: iska na shiga ɓangarorin biyu ko ɗaya? Gangar yara tana wajen santimita 3.3, ta jarirai 2.7. Duk wanda aikinsa ɗakin yara ne, ko cibiyar kula da masu tamowa, ko ɗakin bakwaini, ya sayi daidai da majinyatansa. Wajen farfaɗo da jaririn da bai yi kuka ba, ana ƙirga bugun zuciya na sakan 6 a ninka sau 10. Ƙasa da 100 na nufin a taimaka masa da numfashi, ƙasa da 60 bayan an ba shi iska yadda ya kamata na nufin a fara danna ƙirji. Ba lokacin da za a tsaya lalube da babban kai ba ne.

Tiyo

Tiyon kirki yana da kaurin bango, ramin cikinsa kuma ɗan ƙarami ne, milimita 3 zuwa 4. Kaurin ke tare ƙarar janareta da hirar masu jinya. Naɗe shi a hannunka ka gani: idan ya lanƙwashe ya yi gwiwa har ramin ya toshe, haka zai riƙa yi a aljihu, kuma a nan zai tsage. Na ƙwarai yana yin baka ya koma yadda yake.

Game da tsawo, tsohuwar koyarwa ita ce tiyo ya zama gajere, santimita 30 zuwa 38, don kada sauti ya raunana. Na'urorin yanzu yawanci tsawonsu gaba ɗaya, daga kunne zuwa kai, santimita 69 ne, akwai kuma masu 56. Bambancin sauti tsakanin biyun kaɗan ne, ba kowane kunne zai kama shi ba. Amma bambancin tazara tsakaninka da bakin mai tari ba kaɗan ba ne. A wurin da tarin fuka da ƙyanda da sanƙarau ba baƙi ba ne, kuma inda kunya ke sa a so ɗan nisa tsakanin ma'aikaci namiji da majinyaciya, mai 69 ta fi dacewa. Bayanka ma zai gode maka idan kana duba mutum 60 a wuni. Likitocin dabbobi su ne ke neman wadda ta fi haka tsawo, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da ƙafar raƙumi ya san dalili.

Za ka ga wata mai tiyo biyu a jere, an haɗe su da 'yan ƙarafa, tana zuwa cikin kwali da tarkacen ƙoƙuna da fatu na canji. Tsarin Sprague da Rappaport ke nan, na shekarun 1940. Asalinsa tsari ne mai kyau, amma kwaikwayonsa masu araha da suka cika shaguna suna da aibi biyu: tiyon biyu na gogar juna su haifar da ƙara tasu ta kansu, sannan kowane ɓangare murɗa shi ake yi, kowane mamurɗi kuwa ƙofar yoyo ce. Na'urorin likitocin zuciya sun warware wannan ta hanyar sa rami biyu cikin tiyo ɗaya, kowane kunne da hanyarsa. Shi ya sa tiyonsu ya fi kauri, farashinsu ma haka.

Kunne, inda aka fi yin asara

'Yan robobin nan biyu da ke shiga kunne su ne mafi araha a jikin na'urar, su ne kuma suka fi ɓata aiki. Masu tauri kamar dutsen guga ba sa bin siffar kunne, suna barin kafa, kuma kafin azahar kunne ya yi tsami. Masu laushi ake so, waɗanda ke lotsawa su cike ramin. Alamar sun zauna daidai ita ce da ka sa su hayaniyar ɗaki ta ja baya, kamar ka nutse cikin ruwa. Idan kana jin hirar mutane tangaran, girman robar bai dace da kunnenka ba. A fi son waɗanda ake turawa su kama gam. Masu murɗawa sukan kwance su faɗi, ranar da aka yi rashin sa'a a sa tsuran ƙarfe a kunne.

Ramin kunnen mutum gaba ya nufa, wajen hanci. Don haka ƙarafan kunne an karkata su, kuma idan za ka sa, bakinsu ya kalli gaba, ba wajenka ba. Sa su a juye na nufin ramin robar ya jingina da bangon kunne. Matsinsu kuma ana iya daidaita shi: idan sun yi sako-sako, gicciya ƙarafan biyu ka matse a hankali, idan suna cizo, buɗa su kaɗan. Na'urar da sifirin ɗinta ke ɓoye cikin roba ta fi wadda yake a fili, don ba ya tsatsa ba ya kama gashi ko mayafi.

A shago

An ce gani ya kori ji, amma a wannan sayayya ji ne ke korar gani. Kada ka karɓi kwali a rufe. Sa ta a kunne, juya kai zuwa ƙoƙo, toshe 'yar kafar tsakiyarsa da babban yatsa, sannan ka matse tiyo a hankali. Idan ba yoyo, za ka ji iska ta ɗan tura dodon kunnenka. Idan ba ka ji komai ba, tana fita ta wani wuri. In ƙaramar fuskar a rufe take da fata, danna fatar kaɗan da yatsa, za ka ji irin wannan turin. Bayan haka zura ta ƙarƙashin rigarka ka saurari zuciyarka: bugu biyun su fito daban-daban, kowanne da bakinsa, ba kamar ana daka a gidan maƙwabta ba. Shafa tiyon da yatsa kana saurare. Siririn tiyo zai cika maka kunne da ƙarar shafar. In da hali ka tafi da ta wani babba da ka san ta asali ce, ka gwada su a wuri ɗaya a jikinka, ɗaya bayan ɗaya.

Jabu ya yi yawa, kuma sunan Littmann aka fi yi wa, don shi kowa ke nema. Ta asali tana da lamba ta musamman da aka zana a jikin ƙarfen kai, ana iya rajistarta a shafin kamfanin. Classic III na da garantin shekara 5, Cardiology IV shekara 7. Rubutun jabu yakan zama fenti ne da farce ke kankarewa, ko haruffa su karkace, fatar gangar ta yi laushi kamar leda, tiyon ya riƙa warin roba. Sai dai masu jabu ma sun iya buga lamba, don haka farashi ya fi tona asiri. Classic III a kasuwannin waje tana kaiwa wajen dala 100, Cardiology IV kusan ninki biyu. Lissafa da canjin ranar. Wanda ya ce zai ba ka sabuwa a rubu'in wannan kuɗi, kura ce da fatar akuya. A sani kuma, tun 2024 sashen kayan asibiti na 3M, kamfanin da ke yin Littmann a da, ya zama kamfani mai zaman kansa mai suna Solventum, saboda haka ganin wannan suna a takardun sabuwar na'ura ba alamar jabu ba ne.

Ba kuma dole sai Littmann ba. MDF da ADC na Amurka, Riester da Heine da KaWe na Jamus, da Spirit na Taiwan duk suna yin masu kan ƙarfe na gaske. Na'urar asali ta matsakaicin kamfani ta fi jabun babban suna nesa ba kusa ba. Ta hannu ma ba laifi, muddin kan na asali ne kuma tiyon bai bushe ba, tunda fata da robar kunne ana canja su. Tambayi mai shago tun kafin ciniki ko yana da kayan canjin irin wadda zai sayar maka. Idan babu, ranar da fatar ta tsage, na'urar ta tashi aiki.

Wa ya kamata ya sayi wace?

Ɗalibin likitanci, da likita mai neman ƙwarewa, da nas ɗin ɗakin gaggawa, duk mai fuska biyu ta ƙarfe, babba da ƙarama, ta ishe su shekaru. Mai rami biyu ta likitocin zuciya da masu kula da marasa lafiyar da ke cikin mawuyacin hali ce. Ɗalibin aji huɗu da ya ci bashi ya saye ta bai yi laifi ba, amma ba za ta koya masa abin da sauraron ƙirji ɗari zai koya masa ba.

Wadda muke jan kunne a kanta ita ce 'yar falalen nan mai fuska ɗaya da ke zuwa kyauta tare da abin awon jini. Ana cewa ai awon hawan jini ne kawai. To, awon jini da hannu ya dogara ne kan jin sautukan da Nikolai Korotkov ya bayyana a 1905: bugun farko da ka ji shi ne lambar sama, inda ya ɗauke shi ne ta ƙasa. Bugun farkon nan a hankali yake farawa, na ƙarshe ma a hankali yake dushewa. Na'ura mai rauni za ta sa ka makara wajen jin na farko, ka yi saurin rasa na ƙarshe, wato lambar sama ta ragu, ta ƙasa ta ƙaru. A ɗakin awon ciki, inda 140 bisa 90 ke raba mai lafiya da wadda ake tsoron jijjiga ta kama, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A ɗora kan a lanƙwasar gwiwar hannu inda jijiya ke bugawa, kada a cusa shi ƙarƙashin maɗaurin, a kuma saki iska a hankali, maki 2 zuwa 3 a sakan.

Ungozoma na buƙatar biyu: sitet don uwa, ƙahon Pinard ko na'urar Doppler ta hannu, mai batir da ke fito da bugun zuciya a fili, don ɗan ciki. Da ƙaho ana fara jin bugun daga wajen mako 20 zuwa 24, ana manna shi da kunne a saki hannu, ɗaya hannun kuma yana kan jijiyar uwa don kada a ƙirga nata a ce na ɗa ne. Daidai shi ne 110 zuwa 160 a minti. Ƙaho ba ya neman caji. Ma'aikacin lafiya na karkara kuwa ya haɗa da agogo mai hannun sakan, domin a ƙa'idar kula da yara ta Hukumar Lafiya ta Duniya, ƙirga numfashi ke fara nuna namoniya: 50 ko fiye a minti ga ɗan wata 2 zuwa 11, 40 ko fiye ga ɗan shekara 1 zuwa 5.

Masu lantarki, irin Littmann CORE da na kamfanin Eko, suna ƙara sauti har ninki 40, suna naɗa, ana iya tura wa ƙwararre ta waya. Ga likitan da jinsa ya fara raguwa, ko malamin da ke son ɗalibai goma su ji ƙirji ɗaya, suna da rana. Amma suna ƙara ƙarar motsin yatsa da na tufafi su ma, suna cin caji, kuma idan suka lalace ba mai gyaran su a kusa. Kada ta zama ita kaɗai ce a jakarka.

Zafi, ƙura da shadda

Yanayin Sakkwato ba ya raga wa roba. A watan Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40 a inuwa, cikin motar da aka rufe a rana kuwa ya fi haka nesa. Sitet ɗin da aka bari a gaban mota ko ƙarƙashin kujerar mashin za ta yi laushi da rana ta sandare da dare, a haka tiyo ke mutuwa. Abin da ya fi zafin ɓarna shi ne maiƙo. Gumi da man shafawa, musamman basilin da man kaɗanya da ake lafta wa jiki da hunturu, da turaren da ake fesa wa wuya, suna janye sinadarin da ke sa robar laushi. Shi ya sa za ka ga tiyo ya ƙame da siffar wuyan mai shi kamar ƙahon sa, daga nan sai tsagewa. A rataya ta bisa kwalar riga ko bisa hijabi, kada ta taɓa fata, ko a naɗe ta sako-sako a aljihun farar riga.

Ƙurar hunturu kuma tana shiga ta ramin kunne ta haɗu da dattin kunne ta toshe hanya. Sau ɗaya a mako a cire robobin a wanke da ruwan sabulu, a bari su bushe sarai. A cire fatar ganga a goge ƙarƙashinta, a ɗaga ta a haske a duba tsaga, a mayar a tabbatar zobenta ya zauna ko'ina. Tsakanin majinyaci da majinyaci kuwa, a goge kan da auduga da sifirit mai ƙarfin kashi 70. Wani bincike da aka yi a Janeba aka wallafa a 2014 ya nuna bayan duba majinyaci ɗaya, ƙwayoyin cutar da ke kan ganga sun fi na ko'ina a hannun likita in ban da kan yatsu. Kada a tsoma ta cikin ruwa, kada a dafa ta, kada a shafa mata man tsabtace hannu, don abubuwan da ake haɗa shi da su suna ɓata roba. A ɗakin da aka keɓe masu cuta mai yaɗuwa, kamar Lassa ko mashaƙo, a ajiye mai araha ɗaya a bakin kowane gado, taka ta tsaya waje.

Sai batun tufafi, wanda ke mayar da na'urar dala 200 ta koma ta banza. Shadda mai sitaci idan ta gogi ganga, ƙararta ba ta da maraba da ƙaras-ƙaras ɗin huhu. Gashin ƙirji ma haka, sai an ɗan jiƙa shi da ruwa ya kwanta. Layar da ke wuyan yaro a kawar da ita gefe, ba sai an cire ba. Ba kuma sai an tuɓe mutum ba: a ja labule, a sa nas mace ko 'yar rakiya ta tsaya, a nemi izini. "Hajiya, don Allah zan sa abin sauraro a bayanki ta ƙarƙashin hijabi, ki ɗan sunkuya." "Baba, buɗe baki ka ja numfashi, a hankali, kada jiri ya ɗebe ka." "Inna, rungume shi a ƙirjinki, ta baya zan fara." Da sanyin safiyar hunturu a murza kan a tafin hannu ya ɗumama kafin a ɗora wa yaro, in ba haka ba kukansa kaɗai za a saurara. A riƙe kan tsakanin manuniya da ɗan tsakiya, kada tiyo ya taɓa gado ko riga, a kashe fanka na minti ɗaya idan sauti mai kauri ake nema.

Ranar da ka saya, kai ta wurin masu zanen ƙarfe su rubuta sunanka a wuyan kai, ba a fuskar da ke taɓa majinyaci ba, don zane na tara datti. Filastar da ake naɗawa a tiyo a rubuta suna tana barin danƙo da ke cin roba. Ka kuma ajiye robar kunne biyu da fatar ganga ɗaya a aljihun jaka, domin sukan faɗi ne da tsakar dare a bakin aiki, lokacin da ba shagon da ke buɗe.